Tekun Hawai Ba Sa'anka Ba Ne: Abin Yi da Abin Bari ga Baƙo

Kada ka yi wa jagora ƙarya a kan iya ruwa. Kafin a ba ka filafili, ko allon hawan igiyar ruwa, ko bututun numfashi a tsibiran Hawai, sai an miƙo maka takarda mai tambayoyi: ka iya ninkaya? Kana da ciwon zuciya, hawan jini ko asma? A nan mutanenmu da yawa suke fara janyo wa kansu, don kunya ba ta barin babban mutum ya ce bai iya ba a gaban matarsa da yara 'yan shekara 10. Wanda ya yi wasan ruwa a kududdufi yana yaro, ko ya taɓa haye rafin garinsu da damina, sai ya rubuta ya iya. Iyawar da suke nufi ita ce ka daɗe a ruwan da ƙafarka ba ta taɓa ƙasa, gishiri na shiga maka ido da hanci, ruwa na ɗaga ka yana sauke ka, kuma hankalinka a kwance. In ba ka kai nan ba, faɗi gaskiya. Ba mai korarka. Za su sa maka rigar da ke hana nutsewa, su ba ka abin dafawa, jagoran ya ajiye ka kusa da shi. In ka yi ƙarya kuwa, zai sa ido a kan wani ya ƙyale ka. Mai sikila da mai ciwon suga su ma su faɗa ko takardar ba ta tambaya ba, don gajiya da ƙishirwa da daɗewa cikin ruwa duk suna iya tayar da ciwon.

Ka karanta takardar kafin ka sa hannu. Galibin abin da ke cikinta shi ne ka yarda teku na da haɗari, kuma kai ka ɗauki nauyin kanka. Kuɗin da ka biya na kayan aiki ne da sanin wuri. Jagora mutum ɗaya ne mai ido biyu, ku kuma kuna da yawa. Ka tambaye shi mutum nawa yake kula da su, ko yana da horon ceto da farfaɗo da numfashi, da kuma abin da za a yi in iska ta juya. Wanda ya ji haushin waɗannan tambayoyi, nemi wani.

Kada ka raina leƙen kifi. Shi ne wasan da ake sa tabarau mai rufe ido da hanci, a kama bututu a baki, a kwanta rub da ciki a saman ruwa ana kallon abin da ke ƙasa. Cikin wasannin uku shi ya fi kama da hutu, tsofaffi da yara duk suna yi, kuma shi ya fi cin rayukan baƙi. Alƙaluman ma'aikatar lafiya ta jihar Hawai sun nuna daga 2012 zuwa 2021 fiye da mutum 200 suka mutu suna wannan wasa, kuma kusan 9 cikin kowane 10 baƙi ne. Kifin shak da kowa yake tambaya a kansa, duk da girman sunansa, bai kama ƙafar wannan adadi ba.

Abin da ya sa na tsaya a nan shi ne yadda mutuwar take zuwa. Mun saba ɗauka mai nutsewa zai yi ihu, ya yi ta dukan ruwa. Da yawan waɗannan ba su yi ko ɗaya ba, an dai tarar da su kwance a ruwa mai lafiya, wani lokaci kusa da gaɓa, fuska a ƙasa kamar kowa. Binciken da jihar ta ɗauki nauyi ya gano wata hanya da hakan ke faruwa. Idan bututun yana da matsi, mutum na jan iska da ƙarfi, ga kuma ruwa ya danne masa ƙirji, sai ruwan jikinsa ya riƙa tsattsafowa daga jijiyoyin jini zuwa cikin huhu. Bai shaƙi ruwan teku ko ɗigo ba, amma huhunsa na cika. Iskar oksijin ta ragu a jini, numfashi ya yi gajarta, gaɓoɓi su mutu, kai ya ruɗe, sai suma. Waɗanda abin ya fi samu maza ne da suka haura shekara 50, da masu matsalar zuciya wadda sau da yawa su kansu ba su san da ita ba, da wanda ya takura kansa yana ninkaya da ƙarfi.

Saboda haka, da zarar ka ji numfashi na yi maka wuya ko wata kasala ta sauko maka haka kawai, kada ka ce bari in ƙara kaɗan. Tofar da bututun, ɗaga tabarau, juya rigingine, ɗaga hannu ka kira taimako, ka fita. In ka fita kuma kana tari ko ƙirji bai saki ba, sai asibiti, lambar gaggawa 911. Ka gwada bututun tun a tudu, ka ja iska da ƙarfi ka ji ko tana wucewa sakayau. Wanda ba shi da tarkace ya fi. Akwai wani tabarau mai rufe fuska gaba ɗaya da ake tallatawa ga sababbin shiga, wai ya fi sauƙi. Ni ban ba ka shawarar sa shi ba: ba a tofar da shi, cire shi cikin firgici aiki ne, kuma wasu masu jiragen yawon sun hana shi.

Kada ka sauka daga jirgi yau ka faɗa ruwa gobe. Daga Kano ko Abuja zuwa Honolulu tafiya ce ta fiye da kwana guda, da sauyin jirgi, domin daga gaɓar Kalifoniya kaɗai akwai kusan kilomita 4,000 na ruwa zalla. Masu binciken sun yi zargin doguwar tafiyar jirgi na iya raunana huhu, suka ba da shawarar a jira kwana 2 zuwa 3. Ka jira. Kifin ba inda za shi.

Kada ka shiga kai kaɗai, kuma abokin da ke can nesa yana ɗaukar hoton kifi ba aboki ba ne. Ku tsaya inda hannu zai kai. Kowane rabin minti ka ɗago kai ka dubi abokinka, ka dubi gaɓa, don ruwa na tafiya da mutum a hankali alhali idonsa na ƙasa. In mai ceto ya yi maka alama daga hasumiyarsa, ɗora hannu a kai na nufin lafiya lau, kaɗa hannu sama na nufin a zo. Kada ka kaɗa masa hannu da sunan gaisuwa.

In ka ga dama ka fara da Hanauma, wani bakin tsohon dutse mai aman wuta da teku ya cika a kudu maso gabashin tsibirin Oahu. Tun 1967 aka killace shi don kare halittun ruwa. Sai ka kama gurbi ta intanet, a rufe yake ranar Litinin da Talata don wurin ya huta, kuma ba za ka taka yashinsa ba sai ka kalli ɗan fim na gargaɗi. A 2021 aka ɗaga kuɗin shigar baƙi zuwa dala 25. Kada ka yi gunaguni, kada kuma ka ɗauka wurin da aka tsara haka ba a mutuwa a cikinsa. Ana yi.

Kada ka tsaya a kan murjani. Abin da kake gani kamar dutse halitta ce mai rai, tana girma a hankali, wasu nau'o'in santimita ɗaya ko biyu a shekara, kuma taku ɗaya na karya aikin shekaru. Ita ma tana ramawa: yankanta yana saurin ruruwa, ga wata halitta baƙa mai dogayen ƙayoyi da ke ɓuya a ramukanta, ƙayar na karyewa a cikin tafin ƙafa. In za ka huta, nemi yashi ko ka kwanta rigingine. Kada ka ba kifi burodi. Kada ka ɗauko komai ka sa a aljihu. Man kare fata daga rana ma akwai doka a kansa: daga 1 ga Janairu 2021 jihar ta hana sayar da wanda ke da sinadaran oxybenzone da octinoxate, gundumar Maui kuma ta ƙara tsaurarawa a 2022. Ka sayi naka a can. Kada ka ce baƙar fata ba ta ƙonewa, wuyanka da bayan ƙwaurinka za su ba ka labari da dare.

Kada ka taɓa dabba, kada ka bi ta. Kunkurun teku, wanda 'yan ƙasar ke kira honu, ka bar masa mita 3. Akwai wata dabba mai shayarwa, nau'in sil da babu shi ko'ina a duniya sai Hawai, saura kamar 1,600 kacal. Tana fitowa ta baje a yashi kamar matacciya, barci take yi. Mita 15 tsakaninku, in tana da ɗa mita 45. A Yulin 2022 wata mai jego ta ji wa wata mai ninkaya rauni a gaɓar Kaimana, dab da Waikiki, kuma ba dabbar aka ga laifinta ba. Dokar jihar ta tanadi tara har dala 50,000 ko ɗaurin shekara 5 ga wanda ya cutar da ita, kuma an ci tarar baƙin da suka taɓa ta suka sa bidiyon a intanet da hannunsu. Kifin dolfin mai juyi a iska da dare yake farauta, da rana yake shigowa kusa da gaɓa ya huta, shi ya sa tun Oktoban 2021 dokar tarayya ta hana kusantarsa ƙasa da mita 45. Duk jagoran da ya yi maka alƙawarin ninkaya tare da shi, tara yake sayar maka.

Ka lissafa wata. Wannan kam mun fi yawancin baƙi saninsa. Akwai wata halitta mai kama da farar leda, jelifish, mai harbi da zafi ƙwarai, wadda ke cika gaɓar kudancin Oahu, irin su Waikiki da Ala Moana da Hanauma, kwana 8 zuwa 10 bayan cikar wata. Wato wajen 22 zuwa 25 ga watan Musulunci ke nan. A waɗannan ranaku ka duba allon gargaɗi kafin ka tuɓe takalmi. In ta harbe ka, a zuba ruwan khal, sannan ruwan ɗumi mai ɗan zafi. Kada ka murza, kada ka zuba ruwan famfo mai sanyi, kuma zancen fitsari da wani zai kawo maka shirme ne.

Kada hoton da ka gani ya yaudare ka, don gaɓa ɗaya fuska biyu gare ta. Daga Nuwamba zuwa Maris guguwar arewacin tekun Fasifik na turo manyan raƙuman ruwa zuwa gaɓar arewa. Waimea da yara ke wanka a cikinta a watan Yuli, a Janairu tana iya tashi sama da mita 10. Can ake gasar hawan igiyar ruwa ta tunawa da mai ceto Eddie Aikau, wadda ba a buɗe ta sai tsayin ruwan ya kai wajen mita 12, shi ya sa daga 1985 zuwa 2024 sau 11 kacal aka yi ta. Kai naka kallo ne, daga nesa. Da bazara kuma kudu ce ke motsi. Baƙo ko da ido makaho ne, saboda haka ka je hasumiyar masu ceto ka ce yau ka fara zuwa, a ina za ka shiga. Inda ba hasumiya, ba shiga.

Kada ka juya wa teku baya, ko da hoto ake ɗaukarka. Raƙuman ruwa jeri-jeri suke zuwa, a yi shiru na wasu mintoci, sai manya su biyo. In ka ga dutse a jiƙe, ruwa ya kai wurin ɗazu kuma zai dawo. Gaɓar Sandy a Oahu da ta Makena a Maui ruwansu a kan yashi yake fashewa kai tsaye, ya ɗaga mutum ya soka shi da ka. Wuyan mutane da yawa ya karye a ruwan da bai wuce ƙugu ba.

In ruwa mai ja ya kama ka, kada ka yi kokawa da shi. Ruwan da ya taru a gaɓa yakan nemi ƙofa ya koma teku, ya yi wata siririyar hanya mai gudu, kuma abin takaici wurin ne ya fi kama da inda ya lafa, don ba kumfa a kansa. Ba ya jan mutum ƙasa, waje yake kai shi. Gajiya ce ke kisa. Ka bar shi ya ɗauke ka kana shawagi, ko ka yi ninkaya a gicciye, gaɓa na gefenka, har ka fita daga hanyarsa.

A ƙaramin kwalekwalen roba da ake kira kayak, rigar ceto a jiki take, a ɗaure. Wadda aka zauna a kanta matashi ce kawai. Ka fita da sassafe, don iskar arewa maso gabas da ke kaɗawa yawancin shekara ƙarfi take ƙarawa da hantsi zuwa la'asar. Ka fara tuƙi kana fuskantar iska lokacin da ƙarfinka ke nan, ta turo ka gida in ka gaji. Wanda ya yi akasin haka zai ji daɗin tafiya, ya waiwayo ya ga otal ɗinsa ya zama ɗan ɗigo. Daga Kailua zuwa tagwayen tsibiran Mokulua tafiya ce da sabon shiga zai iya tare da jagora, amma ɗaya kaɗai ake sauka a kansa, shi ma a bakin yashi, don tsuntsayen teku a ramukan ƙasa suke ƙwai, taku ɗaya ya rufta da su. A Kealakekua, inda aka kashe Kyaftin Cook a 1779, sai kamfani mai izini ne zai sauke ka wajen hasumiyar tunawa da shi. Gaɓar Na Pali a Kauai kuwa kilomita 27 ce ta tuƙi a gindin duwatsu, da bazara kawai, kuma ba ta mai koyo ba ce komai kyan hoton.

In kwalekwale ya kife, kada ka rabu da shi. Ka riƙe shi, ka riƙe filafili. Shi ba ya nutsewa, kuma daga sama ana hango kwalekwale, kan mutum kuwa da ƙyar. A watan Maris na 1978 jirgin gargajiya Hokule'a ya kife a kudu da tsibirin Molokai. Eddie Aikau, mai ceto na farko a Waimea, wanda ya tsamo ɗaruruwan mutane daga ruwa, ya hau allonsa ya nufi Lanai don nemo taimako. Waɗanda suka manne wa jirgin, jirgin sama ya hango su, aka cece su duka. Shi ba a sake ganinsa ba. Don ceton 'yan'uwansa ya tafi, kuma har yau Hawai na girmama shi. In teku ta gagari irin wannan gwani, kai da ka koyi riƙon filafili da safe kada ka ce za ka kai gaɓa da hannu.

A kwalekwalen gargajiya mai mutum 6, wanda ke da tokari yana yawo a gefen hagu, na baya shi ne shugaba, maganarsa kawai ake ji. Ta hagu ake shiga, ta hagu ake karkata, don in kuka danna dama tokarin zai tashi ku kife. Kada ka tsallake shi in yana kan yashi, zagayawa ake yi, kuma kada ka zauna a kansa kana cin abinci. A wurin masu shi abin girmamawa ne, da irinsa kakanninsu suka iso tsibiran.

Hawan igiyar ruwa a Waikiki ake koyonsa, inda ruwan ke tahowa a hankali yana tafiya mai tsawo. Nan ne gidan Duke Kahanamoku, wanda ya ci zinare a ninkaya a gasar Olamfik ta 1912 da ta 1920, ya kuma kai wasan har Ostareliya. Mutum-mutuminsa na nan bakin gaɓa. Ka karɓi babban allo mai laushi da malamin ya ba ka, wanda ya kai ƙyauren ɗaki tsawo, ka bar ɗan siririn da ka gani a fim. Ka ɗaura igiyarsa a idon sawu. Kada ka sa allo a gicciye tsakaninka da ruwa mai zuwa, a fuska zai dawo maka. In za ka faɗi, faɗi a baje, kada ka yi tsalle da ka ko da ƙafa, don murjani na ƙasa kaɗan. In za ka ɗago, hannu biyu a ka tukuna.

Kada ka daure wa ciwon baya a darasin farko. Akwai wata cuta da likitoci a Hawai suka fara bayyanawa a 2004, ba ta da yawa, amma kusan duk sababbin shiga take kamawa, matasa masu lafiya. Doguwar kwanciya rub da ciki a kan allo, ƙirji a ɗage, baya a lanƙwashe, na iya tauye jinin da ke zuwa laka. Da ciwon ƙugu take farawa, sai ƙafafu su yi nauyi ko su riƙa tsira-tsira, wani ya kasa fitsari, cikin sa'o'i kaɗan ƙafa ta shanye, wasu har abada. Tsakanin igiya da igiya ka tashi zaune a kan allon. In ka ji waɗannan alamu, ka fita ka tafi asibiti a take, ba ɗakin otal a shafa man zafi ba.

Ka san na wa ce igiyar. Wanda ya fi kusa da inda ta fara karyewa shi ke da ita, kuma shiga gabansa shi ne babban laifi a wannan wasa. In za ka koma ciki, zagaya ta gefe, kada ka ratsa ta hanyar masu tahowa. Kada ka saki allo ka nutse alhali akwai mutum a bayanka. In ka yi kuskure ka ba da haƙuri nan take. 'Yan ƙasar sun ga baƙi fiye da miliyan 10 a shekarar 2019 kaɗai, haƙurinsu ba mai yawa ya rage ba, kuma akwai wuraren da ko kallon banza aka yi maka ya kamata ka gane.

Sutura ba ta hana shiga ruwa, amma a zaɓi ta ruwa. Hajiya, kada ki shiga da abaya ko zani ko dogon hijabi. Yadi in ya sha ruwa nauyi yake yi, ya naɗe ƙafa, ya rufe fuska. Akwai kayan ninkaya masu rufe jiki daga kai har idon sawu, da hula mai kama kai, ki saya tun kafin tafiya. Alhaji, kai ma akwai riga mai dogon hannu da wando mai wuce gwiwa na ruwa, suna kare rana, suna hana allo goge maka ƙirji. Zobe da agogo da makullin mota a bar su a ɗaki.

Kada ka shiga ruwa bayan ruwan sama mai ƙarfi in ka ga teku ta yi ja. Kwata da ƙasa da mushe duk sun gangaro, hukuma kan fitar da gargaɗi, kuma irin wannan gurɓataccen ruwa, da bakin rafi, da ketowar alfijir, da faɗuwar rana, su ne wurare da lokutan da shak ya fi kusantowa. Mai buɗaɗɗen rauni ya haƙura.

Ka sayi inshorar lafiya kafin ka baro gida, ka kuma tabbata ta haɗa da wasannin ruwa, don wasu takardun sun cire su a ƙananan rubutu. Asibitin Amurka ba ya wasa da kuɗi, kwana ɗaya a ɗakin kulawa ta musamman na iya cinye abin da ka kashe a tafiyar duka. In an dawo gaɓa lafiya, ka sallami jagoranka. A can al'ada ce a ba da kashi 15 zuwa 20 cikin 100 na kuɗin yawon, a hannu.